Sakan ɗaya da ya durƙusar da manyan kwamfutocin duniya a 2012

A daren 30 ga watan Yuni 2012, masu kula da agogon duniya sun ƙara sakan ɗaya a ƙarshen yini, domin juyawar ƙasa ba ta tafiya daidai da agogon atam. A agogon Nijar, abin ya faɗo daf da ƙarfe ɗaya na daren 1 ga Yuli. Kafin gari ya waye shafin Reddit ya tsaya, kamfanin Mozilla ya shiga matsala, a Ostireliya kuma jiragen Qantas sun yi jinkiri saboda tsarin Amadeus da ake rajistar fasinjoji da shi ya sami tangarɗa. Duk sun dogara ne da sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa dubban mutane hidima lokaci guda, masu aiki da manhajar Linux.

Ciwon yana cikin kanel ne, zuciyar manhajar, wadda ke raba wa kowane aiki lokaci da wurin ajiya. In ƙaramar manhaja ta faɗi, kanel na rubuta dalili a kundin rahoto. In ita kanta ta faɗi, sau da yawa ba ta samun sararin rubuta komai a faifai. Injiniya zai tayar da na'urar, ya buɗe kundin, ya tarar da layin ƙarshe lafiya lau, daga nan sai shiru.

Shi ya sa zargin farko ke faɗawa kan ƙarfe: ƙwaƙwalwar ajiya ta lalace, ko zafi ya yi yawa, ko wuta ta yi wasa. A ɗakin kwamfuta na Yamai ko Maraɗi a watan Afrilu, wannan zargi ba wauta ba ne, kuma gwajin memtest86+ na dare guda kan warware shi. Amma a 2012 sabobi sun riƙa sandarewa a ƙasashe daban-daban a yini ɗaya, wasu ma sa'o'i kafin sakan ɗin ya iso. Ƙarfe ba ya lalacewa bisa alƙawari. Tambayar da ta buɗe hanya ita ce, me ya shigo wa dukansu a ranar? Amsar ita ce sanarwar ƙarin sakan da tsarin NTP, mai daidaita agogo ta intanet, ke aika wa na'urori tun kafin lokacin.

Kurakurai biyu ne suka haɗu. A wasu tsofaffin kanel, karɓar sanarwar na iya sa sassan na'urar su cije kan makulli guda, kowa na jiran ɗan'uwansa, na'urar ta daskare. Irin wannan kuskure ya fi kama saba mai cunkoso, domin yawan aiki ne ke ƙara yiwuwar karon. A na'urar gwaji da ke zaune ba aiki, sai a daɗe ba a gan shi ba. Na biyun ya bayyana bayan sakan ɗin ya wuce: kanel ta gyara agogonta amma ba ta sanar da sashen ƙararrawar cikinta ba, sai ƙararrawar ta riƙa bugawa kafin lokaci. Manhajoji irin Java da MySQL, da ya kamata su ɗan yi barci su farka, sai suka riƙa farkawa babu ƙaƙƙautawa har suka cinye ƙarfin na'ura. Maganin gaggawa ya zo da ban dariya: a sake saita agogo da hannu da umarnin date, nan take na'ura ta huce. John Stultz, ɗaya daga masu kula da sashen lokaci na Linux, shi ya rubuta gyaran dindindin.

Waɗanda suka fi saurin gano bakin zaren su ne masu tarkon da aka ɗana tun kafin a faɗi. Akwai kdump, wanda ke ajiye ƙaramar kanel ta biyu a gefe. Babbar na faɗuwa sai ƙaramar ta tashi ta kwafe duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwa zuwa fayil, daga baya a bincike shi da manhajar crash a ga layin da aka tsaya. Akwai netconsole, mai tura kalaman ƙarshe na kanel zuwa wata kwamfuta. In kuwa na'urar daskarewa take ba tare da ta ce uffan ba, sai a kunna mai gadin da ke tilasta mata faɗuwa in ta yi shiru, don kdump ya sami abin kwafa. Duka kyauta ne, sai dai kdump na cin wani yanki na ƙwaƙwalwa kuma yana buƙatar a sake tayar da saba, abin da masu kamfani ba sa so a tsakiyar kasuwa.

Google ya kauce wa rikicin ta hanyar warwatsa sakan ɗin kaɗan-kaɗan cikin sa'o'i. An sake ƙara sakan a 2015 da ƙarshen 2016, na 27 ke nan tun 1972, kuma a Nuwamba 2022 babban taron ma'auni na duniya da aka yi a Faransa ya amince a daina ƙarin nan da 2035.