Taya Sabuwa Ko Ta Gwanjo: Lissafin Da Ke Rubuce A Jikin Roba

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta ratsa Bakori zuwa Malumfashi a lokacin kaka, ba zai rasa ganin abubuwa biyu ba. Na farko, motoci manya da ƙanana sun sha lodin masara da dawa da waken soya da auduga, har gindinsu yana neman taɓa kwalta. Na biyu kuwa, yage-yagen baƙar roba da siraran wayoyi warwatse a gefen titi, shaidar cewa wata taya ta fashe a wurin. Akwai dangantaka tsakanin waɗannan abubuwa biyu, kuma kimiyya tana da bayaninta.

Wannan yanki na kudancin Jihar Katsina ya daɗe da yin suna wajen noma. A Funtuwa ne aka kafa ɗaya daga cikin shirye-shiryen bunƙasa aikin gona na farko da Bankin Duniya ya tallafa wa a Nijeriya, a shekarar 1975. Hatsin da ake nomawa a Ɗandume da Ƙafur da Bakori, da tumatir da raken Ɗanja, duk a kan taya suke isa kasuwa. Saboda haka idan taya ta suɗe, mai mota yakan tsaya gaban mai shago da tambaya guda a ransa: ya sayi sabuwa da tsadarta, ko ya ɗauki ta gwanjo, wadda ake kira 'yar Beljiyam, a kan rabin kuɗin ko ƙasa da haka? Amsar tana rubuce a jikin tayar, ga wanda ya iya karatunta.

Abin da aka haɗa taya da shi

Asalin roba ƙaro ne fari, mai kama da madara, da ake tatsa daga wata itaciya 'yar asalin Barazil, wadda ake shukawa a kudancin Nijeriya, musamman a jihohin Edo da Delta. Ɗanyar roba ba ta da juriya: tana danƙo idan ta ji zafi, ta sandare idan ta ji sanyi. A shekarar 1839 wani Ba'amurke mai suna Charles Goodyear ya gano cewa idan aka dafa ta da farar wuta, sai ta yi ƙarfi ta riƙe siffarta. A 1888 kuma John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a birnin Belfast, ya ƙera taya mai iska don keken ɗansa. Daga baya, a 1946, kamfanin Michelin na Faransa ya fito da tsarin saƙar da ake kira radiyal, wanda kusan dukkan ƙananan motoci ke amfani da shi a yau.

Tayar zamani haɗi ce ta abubuwa da yawa. Akwai robar itace, da robar da ake sarrafawa daga man fetur, da wani baƙin gari mai kama da kunkunniya wanda ke ƙara mata ƙarko, shi ne ma ya sa ta zama baƙa. A cikin cikinta kuwa akwai shimfiɗun zare da na wayar ƙarfe, an manne su da juna da roba. Ƙarfin taya yana ga wannan mannewa. Ranar da roba ta saki waya, ranar ce tayar ta gama aiki, ko da kuwa bayanta yana ƙyalli.

Dalilin tsada

Tun shekarun 1960 Nijeriya tana da masana'antun taya biyu, na Michelin a Fatakwal da na Dunlop a Ikeja. Na farko ya rufe a 2007, na biyu ya daina ƙera taya a 2008. Daga nan ƙasar ta dogara ga tayoyin da ake shigowa da su, yawancinsu daga ƙasashen Asiya. Ma'anar wannan ita ce farashin taya a shagon Funtuwa yana bin farashin dala. A farkon shekarar 2023 dala ɗaya tana kan naira 460 ko kusa da haka a farashin hukuma. Cikin 2024 ta haura naira 1,500. A kan haka sai a ɗora kuɗin fito, da kuɗin dako daga tashar jiragen ruwa ta Legas zuwa Arewa, da ribar dillali.

Wannan tsada ce ke tura jama'a zuwa ga tayar gwanjo, duk da cewa tana cikin jerin kayan da dokar Nijeriya ta hana shigowa da su don ƙananan motoci. Wasu masu shigo da sababbi ma sukan cusa taya uku ko huɗu cikin juna don rage kuɗin dako. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa ta sha kama irin waɗannan, domin cusawar tana lanƙwasa wayar da ke bakin taya, ta raunana ta tun ba ta taka ƙasa ba.

Karatun gefen taya

Kowace taya tana ɗauke da takardar shaidarta a gefe. Alal misali, a jikin tayar wata ƙaramar mota ana iya ganin 175/70 R13 82T. Lamba 175 ita ce faɗin tayar da milimita. Lamba 70 tana nufin tsayin gefenta kashi 70 cikin ɗari ne na faɗin. Harafin R yana nufin radiyal, 13 kuma shi ne girman wilin da inci. Waɗannan yawancin direbobi sun san su. Biyun ƙarshe su ne ba a cika kula da su ba, alhali kuwa su suka fi shafar mai lodi. Lamba 82 alama ce ta nauyi, tana nufin iyakar abin da tayar za ta ɗauka kilo 475 ne. Harafin T kuma yana nufin iyakar gudunta kilomita 190 cikin awa. Da 88 ce aka rubuta, da nauyin ya zama kilo 560. 91 kuwa kilo 615.

Yanzu sai lissafi. Tayoyi huɗu masu lamba 82 za su ɗauki kilo 1,900 gaba ɗaya. A ɗauka motar kanta tana da kilo 1,100, direba da yaronsa kilo 140, sannan aka ɗora buhu 8 na masara, kowane kilo 100. Jimla ta zama kilo 2,040, wato an riga an wuce iyaka. Abin da ya fi muni, buhunan ba a raba su daidai ba. Kusan duk nauyinsu yana kan tayoyin baya guda biyu, waɗanda iyakarsu kilo 950 ce. Don haka ne ake ƙera wa bas-bas da a-kori-kura tayoyi na musamman masu harafin C a ƙarshen lambar girma, waɗanda saƙarsu ta fi kauri.

Shekarun taya ma a rubuce suke. A ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2319, to an ƙera tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Wannan yana da muhimmanci domin roba tana tsufa ko da a ajiye take. Iskar oksijin da zafin rana suna canza ta a hankali, ta bushe, ta yi tauri, ta fara tsattsagewa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana jan kunnen direbobi game da tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa. Kamfanin Michelin kuwa yana ba da shawarar a riƙa kai taya ga gwani kowace shekara bayan ta yi shekara biyar tana aiki, kuma a cire ta idan ta cika shekara goma da ƙerawa, komai kyawunta a ido.

Akwai kuma wata alama da mai sayen gwanjo ya kamata ya sani: zanen tsauni mai ƙololuwa uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. Taya mai wannan alama an yi ta ne domin sanyin Turai, da roba mai laushi wadda ta fi aiki idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. A kan kwaltar watan Afrilu, irin wannan roba tana saurin cinyewa, birki kuma ba ya kama ta da kyau.

Zafi da iska

Babban abokin gabar taya shi ne zafi. A bazara, lokacin da zafin iska ke kusantar digiri 40 a wannan yanki, baƙar kwalta tana iya haura digiri 60. Amma zafin da ya fi yi wa taya illa daga jikinta yake fitowa. Duk juyi ɗaya da ta yi, ɓangaren da ya taɓa ƙasa yana lotsawa sannan ya miƙe. Wanda ya taɓa lanƙwasa waya yana miƙe ta har ta yi zafi ta karye, ya san abin da ke faruwa. Idan iska ta yi ƙaranci, ko lodi ya yi yawa, lotsawar tana ƙaruwa, zafi ya taru, roba ta fara sakin waya, daga nan sai fashewa.

Ɗaliban fiziks sun san dokar Gay-Lussac, wadda ta ce matsin iskar da aka kulle a wuri guda yana tashi daidai da tashin zafinta, idan an auna zafin da ma'aunin Kelbin. A ɗauka an yi wa taya iska 32 a geji da safe, zafi yana digiri 25, wato Kelbin 298. Idan aka ƙara matsin iskar sarari, kimanin 14, ainihin matsin ya zama 46. Bayan doguwar tafiya iskar cikin ta kai digiri 60, wato Kelbin 333. Sai a ninka 46 da 333, a raba da 298, a sami kimanin 51. A cire 14, geji zai nuna 37.

Masu ƙera taya sun san da wannan tashi, sun kuma bar masa wuri. Kuskuren da wasu direbobi ke yi shi ne su tsaya wajen mai faci da tsakar rana su sa a rage iska, wai kada taya ta fashe. Idan tayar ta huce, iskarta ta gaza abin da ake bukata, washegari kuma ta fi lotsawa, ta fi yin zafi. Lokacin auna iska shi ne da safe, kafin mota ta yi tafiya. Adadin da ya dace kuwa yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a jikin dogarin ƙofar direba ko a murfin tankin mai. Wanda aka rubuta a gefen taya iyaka ne kawai, wato abin da ba a so a wuce.

Lissafin araha

Abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai fi tafin hannu ba. A kan waɗannan tafuka huɗu ne birki da sitiyari suka dogara. Zanen da ke bayan taya magudanan ruwa ne: a watan Agusta, idan ruwa ya kwanta a kan titi, su ne ke kore shi don roba ta taɓa kwalta. Idan sun cinye, mota tana iya hawa kan ruwan ta yi sulɓi, direba yana juya sitiyari ba ta jin magana.

Zurfin zanen sabuwar tayar ƙaramar mota kimanin milimita 8 ne. A ƙasashen Turai doka ta hana hawa titi da wadda ta gaza milimita 1.6, kuma masu ƙerawa suna sanya wasu 'yan tudu a cikin kwarin zanen daidai wannan tsayi, don a gane ranar da ta ƙare. Ke nan abin da mai saye yake biyan kuɗinsa a sabuwar taya milimita 6.4 ne. Ta gwanjo mai saura milimita 4 kuwa, abin amfani a jikinta 2.4 ne kacal.

Ga misali na lissafi, da farashin da aka ƙaddara don sauƙin rabawa. A ce sabuwa naira 60,000 ce, ta gwanjo kuma naira 25,000. Idan aka raba 60,000 da 6.4, kowace milimita ta tashi a kan naira 9,375. Idan aka raba 25,000 da 2.4, sai a sami sama da naira 10,400. Wato wadda ta yi kama da araha ita ce mai tsada, tun ma ba a sa kuɗin faci, da yinin da aka rasa a bakin hanya, da tumatirin da ya ruɓe kafin a iso kasuwa ba. Ba a kuma sa abin da ba ya da farashi ba, wato ran direba da na fasinja. Ba banza ba Hausawa suka ce araha ba ta ado.

Wannan ba ya nufin duk sabuwar taya ta gari ce. Wadda ta shekara biyar tana shan rana a ƙofar shago ta tsufa ko da ba a taɓa ɗaura ta ba. Haka nan akwai masu sassaƙa sabon zane a kan suɗaɗɗiyar taya su shafa mata baƙi, alhali robar da ta rage a kan waya ba ta fi fatar albasa ba. Mai saye nagari yana duba kwanan wata, ya tabbata girma da alamar nauyi sun dace da motarsa, ya shafa gefe ya ji ko akwai ƙullutu ko tsaga, ya leƙa ciki ya ga ko an taɓa faci. Idan kuɗinsa na biyu ne kawai, masu ƙera taya suna ba da shawarar a ɗaura sababbin a baya, domin idan bayan mota ya ƙwace ya fi wuyar shawo kai fiye da gaba. Kuma tayoyin da ke gefe da gefe su kasance iri ɗaya.

Aiki ga ɗalibai

Malamin kimiyya ba ya bukatar ɗakin gwaje-gwaje kafin ya koyar da wannan darasi. Tsinken ashana da rula sun isa. Ɗalibai su fita wajen motocin da ke harabar makaranta, da izinin masu su, su zura tsinken a cikin kwarin zanen kowace taya, su auna zurfinsa, su rubuta kwanan wata da alamar nauyi. Bayan haka su tambayi farashin sabuwa da ta gwanjo a kasuwar garinsu, su fitar da kuɗin kowace milimita da kansu. Ɗalibin da ya yi wannan aiki sau ɗaya, ranar da mahaifinsa ko yayansa zai je sayen taya kafin lodin kaka, zai iya raka shi shago ya karanta masa abin da ke rubuce a jikin robar kafin a biya kuɗi.