Rigar Kariya: Wa Doka Ta Sanya Wa?

Maganar nan ta daɗe tana yawo a teburin mai shayi daga Anka har Gummi: "Ai ba a kai gwamnati kotu, rigar kariya gare ta." Na ji ta a bakin wani dattijo da aka tsare ɗansa makonni babu laifin tsaye babu na zaune. Takardar asibitin yaron na ninke a aljihunsa, ta sha hannu har ta yi laushi, ya ce ya bar wa Allah. Haƙuri ba laifi ba ne, amma dalilin da aka ba shi ƙarya ne.

Rigar kariya gaskiya ce, sai dai kujera huɗu kawai sashe na 308 na tsarin mulkin 1999 ya ɗinka wa ita: shugaban ƙasa, gwamna da mataimakansu. Muddin suna kan mulki, ba a kama su, ba a gurfanar da su. Sanata, minista, kwamishina, ciyaman, har sarki, ba su ciki. Rigar kuwa ta aro ce, ranar sauka ake tuɓe ta, shi ya sa aka ɗaure tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye da Jolly Nyame a 2018. Ba ta ma hana bincike, kamar yadda Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Gani Fawehinmi a 2002.

Ita gwamnati kuwa ana kai ta ƙara, ana kuma kayar da ita. Sojoji sun ragargaza garin Odi na jihar Bayelsa a 1999, a 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal ta umarci gwamnatin tarayya ta biya diyyar naira biliyan 37.6. Irin wannan kotu tana nan Gusau, sashe na 251 kuma ya ba ta hurumin ƙararrakin hukumomin tarayya da na ma'adinai. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da gubar dalma daga haƙar ma'adinai ta kashe mana yara sama da 400 a 2010 a ƙauyuka irin Dareta da 'Yargalma. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, sashe na 35 ya ba shi haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a.

Masu cewa da ka shigar da ƙara biliyoyi sun zo, su ma ba su faɗi gaskiya ba. Sai ka kafa hujjar cewa hukuma ce ta yi ɓarnar, ko ta yi sakaci da aikin da doka ta ɗora mata. Bayan hukunci kuma, doka ta ce sai da amincewar antoni janar ake taɓa kuɗin gwamnati da ke hannun jami'inta, nan ne mutane ke tsufa da takarda a hannu.

Abin da ya fi damuna agogo ne. Dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta ba mai ƙara, ƙararraki da yawa kuma a nan suke mutuwa tun ba a saurari shaida ba. Ƙarar tauye haƙƙin ɗan Adam kuwa wa'adin bai shafe ta ba, bisa ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009.

Ɗan'uwa na Bukkuyum, in an zalunce ka, rubuta ranar, adana takardar asibiti, riƙe shaidunka, ka nemi lauya tun kafin wata ya sake kamawa.