Idan Manya Suka Sa Labule

Duk wanda ya taɓa zama da yammacin Laraba a rumfar wani attajiri a Zongon Kwatano, ko a ƙofar gidan wani fatoma a Akpakpa, can ƙetaren ruwan da ya raba birnin gida biyu, ya san yadda hira takan tsaya cak idan rediyo ya fara kawo bayanin abin da majalisar ministoci ta zartar a fadar Marina, domin mutanen da abincinsu ya rataya a kan tashar jiragen ruwa da hanyar Malanville da iyakar Seme sun daɗe da fahimtar cewa jimla guda a cikin wannan bayani tana iya ɗaga kuɗin buhun shinkafa, ko ta tsayar da manyan motoci jere a bakin gada. Amma fa abin da ake karantawa ɗin ƙarshen zance ne, an riga an tace shi, an share masa duk wata alamar gardama. Ainihin muhawarar takan wakana ne tun kafin a shiga zaure, tsakanin shugaba da mutane ƙalilan waɗanda ya amince wa, kuma wannan zama shi ne Bahaushe yake nufi idan ya ce manya sun sa labule.

Bisa tsarin mulkin da Jamhuriyar Benin ta kafa ranar 11 ga Disamba, 1990, shugaban ƙasa shi ne kuma shugaban gwamnati, shi yake naɗa ministoci, shi yake jagorantar majalisarsu, kuma wajibi ne manyan hukunce-hukunce da daftarin dokoki su bi ta wannan majalisa. Mas'ala takan fara ne da takarda wadda wata ma'aikata ta shirya, ta bi ta hannun babban sakataren gwamnati, a nemi ra'ayin ma'aikatun da abin ya shafa, musamman ma'aikatar kuɗi, wadda babu wani ƙuduri mai cin dukiya da yake wucewa ba da saninta ba. Idan an sami saɓani tsakanin ministoci biyu, akan yi ƙoƙarin warware shi a ƙaramin zama, in ya gagara a kai wa shugaba ya raba gardama. Saboda haka sau da yawa ranar Laraba ranar tabbatarwa ce kawai. Ba a buga abin da kowane minista ya faɗa, kuma wanda aka rinjaya a ciki, idan ya fito, ba shi da ikon ya ce shi bai yarda ba, sai dai in zai ajiye aiki.

Malamanmu na da ba su bar wannan babi ba. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya raba wizara kashi biyu a cikin littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya: akwai wazirin tafwili, wanda sarki ya sakar wa ragama yana tadbiri da ijtihadin kansa, akwai kuma wazirin tanfizi, wanda aikinsa isar da umarni da zartar da shi. A ƙasar Hausa kuwa, Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda Shehu Magili ya rubuta wa risala a kan abin da ya wajaba a kan sarakuna, shi ake danganta wa kafa Tara ta Kano, watau majalisar manyan masu sarauta tara da ake shawara da su. Malamai kuma suna da kalma ta musamman, biɗana, ga mutanen ciki waɗanda suke kusa da kunnen mai mulki ko da ba su riƙe da wani muƙami, kuma tsoron da suke yi wa biɗana ya fi wanda suke yi wa waziri, domin waziri ana ganinsa ana iya tuhumarsa, shi kuwa na ciki maganarsa ba ta da shaida.

Mai karatu yana iya tambaya, me ya sa sha'anin da ya shafi jama'a duka za a yi shi a ɓoye? Amsa mafi ƙarfi tana cikin abin da ya faru da kuɗin sefa. Tun 1948 ba a taɓa darajarsa a gaban kuɗin Faransa ba, har mutane suka ɗauke shi tamkar dutse. Alhali kuwa a farkon shekarun 1990 ƙasashen da suke amfani da shi bashi ya yi musu katutu, farashin auduga da koko da gahawa ya faɗi, masu hali kuma suna kwashe takardun kuɗi suna fita da su, har babban banki ya daina karɓar takardun da aka fitar waje a watan Agusta na 1993. A shekarar nan ne gwamnatin Edouard Balladur ta sanar cewa Faransa ba za ta ƙara cike giɓin kasafin ƙasar da ba ta daidaita da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ba, sannan a ranar 7 ga Disamba shugaban Côte d'Ivoire, Houphouët-Boigny, wanda shi ne babban mai adawa da karya darajar kuɗin, ya rasu. Sai aka kira shugabanni Dakar a watan Janairu na 1994, a bisa sunan za a duba matsalar kamfanin jirgin sama na Air Afrique, aka kulle ƙofa da su da Michel Camdessus, shugaban Asusun, da Michel Roussin, ministan Faransa mai kula da hulɗa da ƙasashen nan, ana ta ja-in-ja a kan yawan ragin da irin sassaucin bashin da za a samu, har zuwa daren 11 ga wata da aka karanta sanarwa: daga washegari, faran ɗaya na Faransa, wanda yake sefa 50, ya koma sefa 100.

A lokacin Nicéphore Soglo ne shugaban Benin, mutumin da ya yi aiki a Bankin Duniya, ya kuma san lissafin tun daga tushe. Da a ce an yi wannan shawara a bainar jama'a, da an faɗi rana da adadi tun mako guda kafin lokaci, da duk mai dala biyar a banki ya garzaya ya canza ta, da baitulmali ya bushe kafin a kai ga yanke hukuncin, kuma wanda zai fi cutuwa shi ne talakan da ba shi da hanyar fitar da kuɗinsa. A irin wannan wuri sirri larura ne, ni ma na yarda da haka. Amma ban manta ba cewa ɗan kasuwar da ya ɗauko atamfa ko magani daga Turai bashi ya kwana da bashi ɗaya ya tashi da biyu, kuma a ɗakin nan na Dakar, inda aka cika da masana lissafi, kujerar wanda yake sayar da kaya awo-awo babu ita.

Haɗarin labule kuwa Benin ta ɗanɗana shi tun kafin nan, kuma da ɗaci. Mathieu Kérékou ya karɓi mulki ranar 26 ga Oktoba, 1972, ya ɗora ƙasar a kan aƙidar Markisanci a 1974, gwamnati ta mallake bankuna da manyan kamfanoni, shawara ta koma hannun kwamitin ƙoli na jam'iyya guda. Sai dai a shekarun 1980 an sami wani mutumin Mali, Mohamed Cissé, wanda aka fi sani da malamin Kérékou, ya sami kusanci da shugaban irin wanda ya wuce na masu muƙamai da yawa. Bayan da Bankin Kasuwanci na Benin ya durƙushe a 1988, aka rasa kuɗin masu ajiya, sunansa ya fito a cikin bincike, kuma a 1992 kotu a Kwatano ta yanke masa ɗaurin shekara 10. Abin yana yi mini zafi, domin sunan malanta aka ɗauka aka shiga da shi inda ba ilimi ake nema ba. A 1989 ma'aikata sun yi watanni babu albashi, malaman makaranta da ɗalibai suka shiga yajin aiki, gwamnati ta sa hannu a kan sharuɗɗan Asusun da Bankin Duniya a tsakiyar shekara, a farkon Disamba kuma shugabannin jam'iyya da na majalisa da na gwamnati suka yi zama na haɗin gwiwa, suka fito ranar 7 ga wata da sanarwar ajiye aƙidar da suka yi shekara 15 suna wa'azinta.

Abin da ya biyo baya a Akpakpa ya faru, kuma ya cancanci kowane ɗan unguwar ya san shi. Daga 19 zuwa 28 ga Fabrairu, 1990, wakilai kusan 500, daga ƙungiyoyin ƙwadago da ɗalibai da malaman addini da sojoji da tsofaffin shugabanni da 'yan gudun hijira, suka hallara a otal ɗin PLM Alédjo ƙarƙashin jagorancin babban limamin Katolika Isidore de Souza, rediyo yana watsa muhawarar kai tsaye, har mai shayi da ɗan acaɓa suna jin yadda ake yi wa gwamnati hisabi a kan kuɗin ƙasa. Taron ya ayyana cewa hukuncinsa shi ne sama da na kowa, Kérékou ya karɓa, aka zaɓi Soglo firayim minista na riƙon ƙwarya. Watau da shawarar ɗaki ta lalace, sai da aka yaye labulen gaba ɗaya kafin aka sami gyara.

A ƙasa irin Benin tattalin arziki da hulɗar waje ba sa rabuwa, saboda babban rabo na kuɗin shigarta daga kwastan yake fitowa, kayan da suke sauka a tashar Kwatano kuwa da yawansu na Nijar ne da na Nijeriya. An ga haka lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka ga shi kuma a fili bayan 26 ga Yuli, 2023, ranar da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum a Yamai. Kwana huɗu bayan haka shugabannin ECOWAS, wadda a nan ake kira CEDEAO, suka zauna a Abuja suka sa wa Nijar takunkumi, Shugaba Patrice Talon ya bi hukuncin, aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya. A irin wannan mas'ala kowane mashawarci yana da abin da aikinsa ya ɗora masa ya faɗa. Na harkokin waje dole ya tuna alkawarin da ƙasa ta sa wa hannu da kuma nauyin Nijeriya, maƙwabciyar da ba a iya ɓata wa rai da arha. Ma'aji dole ya lissafa asarar tashar jiragen ruwa wata bayan wata, ya kuma tuna cewa fatake idan suka saba da hanyar Lome ba lalle su dawo ba. Na tsaro idonsa yana kan arewa, inda masu ɗauke da makamai suke yawo a dazuzzukan kan iyaka, inda kuma ba a tsare komai sai da haɗin kan Yamai. Duka ukun gaskiya suke faɗa, gaskiyar tasu ce ba ta tafiya hanya ɗaya, kuma shugaba shi kaɗai zai ɗauki alhakin fifita maslaha ɗaya a kan sauran.

Ana gane yadda ma'auni ya karkata daga abin da ya fito fili. A ƙarshen Disamba 2023 tashar Kwatano ta ɗage hanin da ta sa wa kayan Nijar, a ranar 24 ga Fabrairu, 2024 ECOWAS ta janye takunkumi, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma Nijar ta bar nata a rufe, tana zargin akwai sansanonin Faransa a Benin, zargin da Kwatano ta musanta. A watan Mayu Talon ya hana a loda man Nijar a tashar Sèmè-Kpodji, gabas da Akpakpa, inda bututun da ya taso daga Agadem, mai tsawon kusan kilomita 2,000, yake ƙarewa. Sai wakilan Sin, waɗanda kamfaninsu na CNPC ya zuba dukiyarsa a aikin, suka shiga tsakani, cikin kwanaki aka bari jirgin farko ya yi lodi. Da aka kama 'yan Nijar biyar a tashar a watan Yuni, Yamai ta rufe famfon, al'amari ya koma baya.

Daga nan aka koma ga abin da Zongo ta fi kowa sani, watau biko ta hannun dattawa. Tsofaffin shugabanni biyu, Soglo da Boni Yayi, waɗanda ba sa cikin gwamnati, ba kuma 'yan jam'iyyar Talon ba ne, suka tafi Yamai a ƙarshen Yuni suka gana da Janar Abdourahamane Tiani, jagoran sojojin da suka karɓi mulki, suka dawo suka zauna da Talon. Dattijo yana iya ɗaukar maganar da minista ba zai iya furtawa ba tare da an ce gwamnatinsa ta durƙusa ba, kamar yadda fatoma yake shiga tsakanin mai shanu da mahauci ya faɗa wa kowanne abin da ɗan'uwansa ba zai faɗa da bakinsa ba. A watan Agusta man ya koma gudana. Gadar kuwa har shekarar ta ƙare ba a buɗe ta ba, albasar Galmi sai a sauke ta a Gaya, a loda wa kwalekwale, a ƙetare Kwara da ita, a sake loda wa wata mota a Malanville, kowane sauki da lodi da ladansa, kafin ta iso kasuwar Dantokpa a kasa ta a faifai.