Yadda Ake Yi wa Ƙaramar Sana'a Rajista

Duk wanda ya san fadamun Wurno da Rabah da gonakin rani na madatsar ruwan Goronyo a Jihar Sakkwato ya san cewa Allah Ya albarkaci wannan yanki da shinkafa da albasa da tafarnuwa, amma da yawa daga masu cinikinsu ba su da wata shaida a rubuce, alhali kuwa banki ba ya buɗe asusu da sunan sana'a, balle ya ba ta rance, sai ya ga takardar rajista.

Bisa dokar kamfanoni ta 2020, wanda ke ciniki da sunansa na yanka kaɗai ba a wajabta masa rajista ba. Amma wanda ya laƙaba wa shagonsa ko injin casar shinkafarsa wani suna dabam, wajibi ne ya yi rajistarsa a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC cikin kwana 28 da fara aiki. Ana nema ta intanet: a zaɓi sunan da ba a riga an ɗauka ba, a ba da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da adireshin shago, a biya kuɗi, sannan kowace shekara a sabunta bayani, sharaɗin da galibi ake sakaci da shi.

Harajin mai irin wannan rajista na hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Sakkwato ne, izinin shago kuwa na ƙaramar hukuma. Mai ƙulla abinci a leda domin sayarwa sai ya nemi lambar hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC.

Jama'a, kowa ya karɓi rasit a kan duk abin da ya biya, ya adana shi.