Sabon aiki a Legas: wa ka sani, kuma wa ya san aikinka?

Idan kana cikin waɗanda suka kammala karatun harhaɗa magunguna bana, ko jinya, ko aikin ɗakin gwaje-gwaje, kuma rabo ya kawo ka Legas, to na san ka riga ka gane cewa takardar shaida ba ta da baki. Garin cike yake da masu irin takardarka. Sau da yawa, abin da ke raba wanda ya samu gurbi da wanda ya shafe watanni yana yawo da takardu ofis-ofis shi ne akwai wanda ya san shi, ya ga aikinsa, ya kuma yarda ya ambaci sunansa a inda ba ya nan.

Bari in yi misali da fannina. Hukumar PCN, mai kula da sana'ar magunguna a ƙasar nan, ba za ta ba ka cikakken lasisi ba sai ka yi shekara guda ta horon sanin makamar aiki a wurin da ta amince da shi, sannan ga bautar ƙasa na jiranka. Guraben wannan horo a manyan asibitoci irin su LUTH da ke Idi-Araba, ko UCH ta Ibadan, ba su kai yawan masu nema ba. Labarin an buɗe gurbi yakan fara yawo ne a bakin ma'aikata da zaurukan WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, kuma kafin ya iso kunnen wanda ba ya hulɗa da kowa, an kusa rufewa. Haka ma idan aiki ya samu: yawancin masu ɗaukar ma'aikata a Legas sai sun ce ka kawo wanda zai tsaya maka, da wanda zai rubuta shaidar halinka. Kawunka da ke Funtuwa yana ƙaunarka, amma bai taɓa ganin ka duba takardar likita ba.

Inda yara da yawa ke ɓata lokaci shi ne farautar manya. A je taro, a bi oga har mota, a karɓi katinsa, a ɗauki hoto da shi. Washegari bai san an yi ba. Mutanen da za su yi maka rana suna nan kusa da kai: abokan horonka, ma'aikaciyar jinyar da kuke kwanan aiki tare, mai kula da sito, wakilin kamfanin magani da ke shigowa da jakarsa duk mako. Nan da shekara biyar waɗannan abokan horon naka sun watsu, wani yana masana'anta a Ota, wata tana NAFDAC, wani ya buɗe kantinsa a Surulere. Abin da za su tuna da kai ba ya wuce ƙananan abubuwa. Kana zuwa a kan lokaci? Ka taɓa riƙe wa wani aiki ranar da ɗansa ba lafiya? Idan ka ce za ka turo takarda da yamma, tana zuwa? Wanda aka sani da cika alkawari, ko bai iya surutu ba, sunansa ne ke fara faɗowa a rai idan aka ce ana neman mutum.

Sai ƙungiyoyin sana'a. PSN, uwar ƙungiyar masana magunguna, tun 1927 take, kuma tana da reshen matasa, YPG, da na mata, ALPS. Masu kantunan unguwa kuma suna da ACPN. Kowane fanni na lafiya yana da irin nasa. Kada ka ce za ka halarci komai, cunkoson Legas kaɗai ya isa ya karya maka gwiwa. Zaɓi ɗaya wadda ke zama kusa da kai, ka riƙa zuwa a kai a kai. In an tashi aikin gayya, kamar gwajin hawan jini da sukari kyauta da akan shirya a kasuwanni lokacin ranar masana magunguna ta duniya, 25 ga Satumba, ka ba da sunanka. Yini guda kana aiki kafaɗa da kafaɗa da wata babba ya fi katin mutum goma a aljihu.

Kana da wani jari da abokan aikinka da yawa ba su da shi: Hausa. Majinyata daga Agege, Mile 12, Alaba Rago da Idi-Araba suna zuwa asibiti kullum, wasu ba Turanci ba Yarbanci, su karɓi magani su tafi ba su gane ko sau nawa za su sha ba. Ranar da ka zauna ka yi wa wani dattijo bayani har ya fahimta, likitan da ke gefe ba zai manta da kai ba. Amma a nan akwai tarko. Zama cikin 'yan'uwa akwai daɗi, ga tuwo ga hira, sai mutum ya shekara uku a Legas bai da aboki ko ɗaya wanda ba Bahaushe ba. Da ɗan gari kan ci gari. Koyi gaisuwar Yarbawa, ka ce "e kaaro ma" ga babbar ma'aikaciya da safe, ka ga yadda fuska za ta sake. Idan abokin aiki ya gayyace ka suna ko biki, ka leƙa ko na rabin awa ne.

Ba kowane hannu da aka miƙo maka ne na taimako ba, kuma wannan ne wurin da na fi so ka natsu. Doka ta ce kowane kantin magani mai rajista sai da masanin magunguna da ke kula da shi, kuma da lasisinsa ake yi wa kantin rajista. Saboda haka za ka haɗu da mai cewa ka ba shi lasisinka kawai, ya biya ka kuɗin shekara a dunƙule, ba sai ka zo ba. Ga mai neman kuɗin haya, wannan magana tana da zaƙi. To sunanka ne a bangon kantin. Idan aka kama jabun magani a ciki, ko maganin tari mai kodin da gwamnati ta hana tun 2018, ko tiramadol ba bisa ƙa'ida ba, kai za a nema, kuma lasisin da ka sha wahalar shekaru kafin ka samu shi ne zai shiga haɗari. Kafin ka sa hannu a kowace takarda, ka nuna wa wani babba a sana'ar wanda ba shi da riba a cikin cinikin. Amfanin sanin mutane ke nan tun farko.

'Yar'uwa, ke naki da ƙari. Duk wanda ya ce zai taimaka miki da aiki amma sai a otal, ko sai bayan isha'i, ki bar shi da taimakonsa. Ganawa a ofis, da rana, kuma wani a gida ya san inda kike. Ki nemi mace babba a fanninki ki riƙe ta, irin wadda za ki iya kira ki ce, "Anti, ga abin da aka ce mini, ya kike gani?"

Ku kuma iyaye da mazaje, idan ta ce za ta taron ƙungiya ran Asabar, kada a ɗauka yawo ne. A can ake jin labarin aiki da tallafin ƙaro karatu, a can ake samun wadda za ta tsaya mata. Ku tambaye ta wurin taron da lokacin tashi, ku tanadar mata kuɗin mota na dawowa, in hali ya yi ƙaninta ya raka ta karon farko.