Ɗakin da Babu Amsa-kuwwa: Inda Ake Gwada Wayar Hannunka

A Limawa, cikin Minna, saƙon da ke fitowa daga turken sabis ba ya isa wayarka ta hanya ɗaya. Wani ya bugi rufin kwano ya dawo, wani ya bugi bango ko ƙyauren ƙarfe, su haɗu a kan eriya, wani lokaci su ƙarfafa juna, wani lokaci su kashe juna. Shi ya sa mutum kan ɗan matsa taku biyu sai magana ta fito tangaran.

Injiniyan da ke son sanin ainihin ƙarfin eriya ba zai iya aunawa cikin wannan hayaniya ba. Dole ya gina ɗaki na musamman. Da farko a kewaye shi da ƙarfe, dabarar da Michael Faraday ya nuna a 1836, don kada tashar rediyo ko wayar maƙwabci ta kutso. Sai dai ƙarfen da ya tare na waje shi ne kuma zai riƙa mayar da na ciki. Nan aikin yake.

Ana lulluɓe bango da silin da soso mai tsini, wanda aka cuɗa da garin kabon. Igiyar rediyo in ta faɗa tsakanin tsinayen sai ta yi ta karo, kowane karo ya rage mata ƙarfi, har ta koma ɗan zafi. Tsawon tsinin kuwa ya danganta da tsawon igiyar: a megahaz 900 tsawon igiyar kusan santimita 33 ne, amma a megahaz 30 mita 10 ne cur. Soson da zai shanye wannan zai cinye ɗakin, don haka ake manna tayil ɗin ferayit, siriri amma mai nauyi da tsada. Ko mashigar iska sai an yi ta kamar saƙar zuma. A sansanin sojan sama na Edwards a Amurka akwai irin wannan ɗaki da ke ɗaukar jirgin yaƙi sukutum.

Hukumar NCC ce ke amincewa da na'urorin sadarwa kafin a sayar da su a Najeriya, amma yawancin wayoyinmu a waje aka ƙera su, can aka gwada su. Wannan yana damuna. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, tana yaye injiniyoyin sadarwa a harabarta ta Gidan Kwano. Ƙasar da ke son ƙera na'urarta, ko ma ta tabbatar da abin da takardar ɗan kasuwa ta ce, ya kamata ta zuba kuɗi a irin wannan ɗaki, ta danƙa wa waɗannan matasa mabuɗinsa.