Koyar da Baligi Mai Neman Shiga Ikkilisiyar Katolika

Baligin da ya ƙudura niyyar shiga ɗarikar Katolika ba a yi masa baftisma ranar da ya furta niyyarsa. Akan sa shi a hanyar koyo tukuna, kuma wannan al'ada daɗaɗɗiya ce. Wani littafin tsarin ibada da ake dangantawa da Ikkilisiyar Rum ta ƙarni na uku ya ƙayyade shekara uku ga masu koyo. Da Turai ta zama ƙasar Kirista, jarirai aka koma yi wa baftisma, sai tsarin ya dushe. A Afirka ne ya farfaɗo, watau lokacin da Kadinal Lavigerie, wanda ya kafa ƙungiyar Fararen Fada a 1868, ya shimfiɗa wa 'yan mishan ɗinsa shekara huɗu na koyarwa kafin baftisma. Babban taron Fatikan na biyu ya ba da umarni a 1963 a maido da tsarin, sa'an nan a 1972 aka fito da littafin da ya tsara matakansa.

Mai nema yakan fara da tambayoyi, ba tare da ya ɗauki wani alkawari ba. In ya gamsu, a karɓe shi cikin masu koyo, a haɗa shi da wani Kirista da zai tsaya masa. A azumin kwana arba'in ake kammala shiri, a daren Ista kuma ya karɓi baftisma da tabbatarwa da Jibin Ubangiji gaba ɗaya. Koyarwa takan ci gaba har Fentikos, kwana hamsin ke nan. Wanda aka riga aka yi wa baftisma da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki a wata ɗarika kuwa, ba a sake yi masa.

To, ta yaya za a gane koyarwa ingantacciya? Da farko, malamin ya kasance fada ne, ko katikis ɗin da ke aiki a ƙarƙashin bishop ɗin yankin. Littafin da yake koyarwa da shi ya kasance ɗauke da iznin bishop, wanda akan buga a bayan shafin farko da kalmar Latin, "imprimatur". Ma'auni mafi sauƙi shi ne babban Katikizim da Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar a 1992, mai sassa huɗu: bangaskiya, ibadu bakwai, Dokoki Goma, da addu'a. Ajin da ya tsaya ga haddar tambaya da amsa, ya bar sashe na uku, ya tauye ɗalibi, domin a nan ne addini ke taɓa aure da ciniki da zaman gida.

Wannan batu yana da nauyi a arewacin Nijeriya, inda 'yan mishan Katolika suka kafa tasha a Shendam tun 1907, aure da mace fiye da ɗaya kuma ba baƙon abu ba ne. Dokar Ikkilisiya ta 1983 ta ce mai mata da yawa, in zai karɓi baftisma, da ɗaya kaɗai zai zauna. In zama da uwargida ya yi masa wuya, yana iya zaɓen wata daga cikinsu. Dokar ta kuma ɗora wa bishop alhakin ganin an biya bukatun sauran matan bisa adalci. Malamin kirki yakan faɗa wa mai koyo wannan tun a watannin farko, tun kafin a sa ranar baftisma, don ya sami lokacin shawara da matansa da danginsu.